Yadda Ake Fara Ɗaukar Hoton HDR a Ƙarƙashin Ranar Abuja

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wata inuwa daura da Masallacin Ƙasa na Abuja da tsakar rana, ya ɗaga kyamara domin ya ɗauki kubbar nan mai ruwan zinariya da hasumiyoyinta huɗu, ya san abin da kan biyo baya. Ko dai kubbar ta fito tsaf, amma mutanen da ke tsaye a inuwar su koma baƙi ƙirin kamar an yanko su daga takarda, ko kuma fuskokin mutanen su fito, sararin sama da kubbar su ƙone su zama fari fat. Idon mai ɗaukar hoton ya ga duka biyun a lokaci guda, amma na'urar da ke hannunsa ta zaɓi ɗaya ta yar da ɗaya.

Dabarar da aka ƙirƙiro domin cike wannan giɓi ita ce ake kira HDR, taƙaitaccen suna na Ingilishi da ke nufin faffaɗar tazara tsakanin haske da duhu. Waɗannan haruffa uku suna nan a cikin kyamarar kusan kowace wayar zamani da ake sayarwa a Banex Plaza ko Kasuwar Wuse, sai dai kaɗan ne daga cikin masu wayoyin suka san aikinsu. A taƙaice, maimakon hoto ɗaya, ana ɗaukar hotuna da dama na abu guda, wani da ɗan haske, wani da matsakaici, wani da mai yawa, sannan a haɗa su a fitar da hoto ɗaya wanda ya ɗebo mafi kyawun sashe daga kowannensu.

Masu sana'ar hoto suna auna haske ne da mataki. Mataki ɗaya yana nufin ninka haske sau biyu, mataki biyu sau huɗu, mataki uku sau takwas, har a kai mataki goma wanda ya zama ninki 1,024. Hasken rana tsaka idan sama ta washe yakan kai kimanin luks 100,000 a ma'aunin haske, alhali falon gidan da hasken taga kaɗai ke shigarsa yana iya tsayawa a luks 100 ko ƙasa da haka. Ke nan tsakanin tsakar gida da falo akwai tazarar mataki goma, tun kafin a lissafa bambancin da ke tsakanin farin bango da baƙar kujera. Manyan kyamarorin zamani kan kama mataki 13 zuwa 14 a ɗakin gwaji, amma matakan ƙarshe na can cikin duhu cike suke da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi, don haka abin da ke da amfani bai kai wannan adadi ba. Takardar da ake wanke hoto a kai kuwa ba ta wuce mataki shida ko bakwai.

Idon ɗan Adam ma ba ya kama komai a kallo ɗaya. Ƙwayar ido tana tsukewa idan ta dubi haske, tana buɗewa idan ta koma inuwa, ido yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗinke abin da aka gani ya zama hoto guda ba tare da mutum ya lura ba. Abin da HDR ke yi shi ne kwaikwayon wannan ɗinki.

Matsalar ta fi tsanani a Abuja fiye da ƙasashen da ake rubuta yawancin littattafan koyon hoto. Birnin yana kusan digiri 9 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana hawa sama sosai a duk shekara, kuma sau biyu, a tsakiyar watan Afrilu da ƙarshen watan Agusta, takan tsaya cak a tsakar ka. Haske mai saukowa daga sama kai tsaye yana jefa inuwa mai kauri a ƙarƙashin hula, da kwarmin ido, da ƙasan haɓa. Taushin hasken safiya da na yamma, wanda mai ɗaukar hoto a Ingila ke morewa na tsawon lokaci a watannin zafinsu, a nan ba ya daɗewa: rana na faɗuwa, cikin minti ashirin da 'yan kai duhu ya fara rufe gari.

Tsohuwar dabara a sabuwar riga

Dabarar ta girmi kwamfuta da fiye da shekara tamanin. A shekarun 1850, wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray ya rasa yadda zai kama teku da gajimare a hoto ɗaya, domin sinadarin da ake shafa wa farantin gilashi a lokacin yana saurin ƙonewa da hasken sama. Sai ya riƙa ɗaukar dodon hoto biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na sama, ya haɗa su a kan takarda guda yayin wankewa. Hotunan da ya ɗauka a gaɓar garin Sète a 1857 suna cikin waɗanda ake ji da su a gidajen tarihi har yau. Le Gray dai a nahiyar Afirka ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a Alƙahira a 1884.

Lissafin da manhajojin yau suka dogara da shi ya samu gindin zama ne a 1997, lokacin da Paul Debevec da Jitendra Malik na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar da hanyar haɗa hotuna masu haske daban-daban domin a gano ainihin yawan hasken da ke kowane ɗigo na wurin da aka ɗauka. Kamfanin Adobe ya sanya wannan aiki a manhajar Photoshop a 2005. A watan Satumba na 2010 kamfanin Apple ya saka shi a wayar iPhone 4, daga nan ya shiga aljihun kowa.

Yadda ake ɗauka

Mai son farawa da kyamara ta sosai yana buƙatar abubuwa uku: kyamarar da ke ba da damar saita haske da hannu, mazauni mai ƙafa uku da za a kafa ta a kai, da kuma abin ɗauka wanda ba ya motsi. Na ukun shi ne aka fi mantawa da shi.

Abubuwa uku ne ke ƙayyade yawan hasken da ke shiga hoto. Akwai faɗin ƙofar haske da ke cikin madubin kyamara, wanda ake rubutawa da harafin f. Akwai tsawon lokacin da marufin kyamara ke buɗe, wanda ake aunawa da ɓangaren daƙiƙa. Akwai kuma ISO, wato ƙarfin jin haske na na'urar. A aikin HDR, na farko da na uku ba a taɓa su. Idan aka sauya faɗin ƙofar haske tsakanin hoto da hoto, zurfin abin da ya fito da kaifi zai sauya, hotunan ba za su hau kan juna daidai ba. Idan aka ɗaga ISO kuwa, yashin nan zai ƙaru, alhali gudunsa ne ya sa aka shiga wahalar tun farko. Saboda haka a ajiye ISO a kan 100 ko mafi ƙanƙantar lambar da kyamarar ke da ita, a ajiye ƙofar haske a kan f/8, a bar lokacin buɗewa kaɗai ya riƙa sauyawa.

A ɗauki misalin mai son hoton wani zaure da ƙofarsa ke kallon fili mai rana. Hoton farko a 1/500 na daƙiƙa zai kama filin da sararin sama, cikin zauren ya yi duhu. Na biyu a 1/125 zai kama tsaka-tsaki. Na uku a 1/30 zai fito da bango da rufin zauren, filin waje ya ƙone. Tsakanin kowane hoto da mai bi masa akwai mataki biyu, kuma wannan jeri na uku, wanda kyamarori ke nunawa da -2 da 0 da +2, ya wadatar a yawancin wurare. Galibin kyamarori suna da saitin da ke yin jerin da kansa, mai alamar AEB ko BKT, ta yadda dannawa ɗaya ko riƙe maɓalli zai ɗauki ukun a jere. Idan rana da kanta tana cikin hoton, ko kuma ɗaki ne mai duhu da ƙaramar taga, sai a ƙara zuwa biyar ko bakwai.

Yadda za a san an ɗauki isasshe ba da kallon allon bayan kyamara ba ne, domin a ranar Abuja allon nan ba ya faɗin gaskiya, komai duhu yake bayyana a kansa. Abin dogaro shi ne jadawalin haske, wani zane mai kama da tsauni da kowace kyamara ke iya nunawa, wanda hagunsa duhu ne damansa haske. A hoto mafi duhu na jerin, kada tsaunin ya jingina da bangon dama, alamar babu abin da ya ƙone. A hoto mafi haske kuma, kada ya jingina da bangon hagu, alamar inuwa ta buɗe. Idan an samu waɗannan biyun, aiki ya kammala, ƙarin hotuna cika katin ajiya ne kawai.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. A saita kaifin hoto sau ɗaya sannan a kashe mai saita kansa, don kada kyamara ta sauya ra'ayi a tsakiyar jeri. A tsayar da daidaiton launi a wuri ɗaya. A yi amfani da jinkirin daƙiƙa biyu domin girgizar yatsa ta lafa kafin marufi ya buɗe. A kuma ɗauka a tsarin RAW idan kyamarar tana da shi: fayil ɗin JPEG yana riƙe da darajar haske 256 ne kacal a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa yana riƙe da 16,384. Wannan bambanci yana da girman da sau da yawa hoton RAW guda ɗaya, wanda aka ɗauka da kula don kada haske ya ƙone, yakan wadatar ba tare da an haɗa komai ba. Mai hikima yakan gwada wannan tukuna.

Wanda ba shi da mazauni mai ƙafa uku yana iya ɗora kyamara a kan katanga ko rufin mota da aka kashe injinta. Da rana tsaka ma ana iya riƙewa a hannu, a haɗe gwiwar hannu da ƙirji, a bar manhaja ta daidaita ɗan kaucewar da aka samu.

Haɗawa, da inda ake ɓata miya

Manhajojin haɗawa suna da yawa. Lightroom da Photoshop na kamfanin Adobe na kuɗi ne, haka ma Photomatix, wadda ta daɗe tana wannan aiki. Luminance HDR da darktable kyauta ne. Kowace aka zaɓa, aikin hawa biyu ne. Na farko shi ne haɗa hotunan su zama fayil ɗaya mai ɗauke da dukkan matakan haske. Na biyu shi ne matse waɗannan matakai, wataƙila goma sha biyar ko fiye, su shiga cikin shida ko takwas da takarda ko allon gama-gari ke iya nunawa. A hawa na biyun ne ake yin ɓarna.

An yi wani zamani, daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa farkon 2010, da intanet ta cika da hotunan HDR masu kama da zanen fenti: gajimare baƙi kamar hayaƙin taya, ciyawa kore shar fiye da kima, bango duk ya yi ƙuraje. Wannan ya ɓata sunan dabarar har wasu ƙwararru ba sa son a ambace ta. Laifin na mai zuba gishiri ne. Alamar farko ta cewa an wuce gona da iri ita ce wani zobe na haske da kan kewaye gini ko dutse a inda ya haɗu da sama. Mai gwada hannunsa a kan Dutsen Zuma, wanda ke kan hanyar Kaduna a ɓangaren Jihar Neja, zai ga wannan zobe ƙarara, domin baƙin dutse ne tsaye a gaban farar sama. Alama ta biyu ita ce ɓacewar inuwa gaba ɗaya. Inuwa ce ke nuna wa ido tudu da kwari, kuma hoton da aka kore masa ita yakan kwanta shamɓal ba armashi. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce abin da ya fi haske a zahiri ya ci gaba da fin haske a hoto: sama ta fi ƙasa, waje ya fi ɗaki.

Sai matsalar motsi. Duk abin da ya gusa tsakanin hoto na farko da na uku zai fito biyu-biyu ko dishi-dishi, abin da masu sana'ar ke kira fatalwa. Harabar Masallacin Ƙasa a ranar Juma'a, da cincirindon masallata da 'yan kasuwar da ke baza kaya a kewaye, ba wurin jera hotuna uku ba ne. Haka ganyen bishiya idan iska na kaɗawa, da ruwan Tafkin Jabi idan kwalekwale ya wuce. Manhajoji suna da maɓallin korar fatalwa, wanda ke ɗauko sashen da ya motsa daga hoto ɗaya kawai, amma yakan bar tabo a inda ya yi faci.

Inda dabarar ta fi biyan kuɗin wahalarta shi ne hoton gine-gine. Dillalan gidaje a Maitama, Asokoro ko Gwarinpa suna son mai saye ya ga falo ya kuma ga lambun da ke bayan taga a hoto ɗaya, kuma gida ba ya motsi. Matashin da ya iya wannan aiki da tsafta, ba tare da fenti ba, ya samu abin da zai riƙa nuna wa masu otal da masu gidajen haya.

Farar shadda da baƙar fata

Akwai wata tazarar haske da littattafan waje ba su cika tsayawa a kanta ba, alhali ita ce abincin yau da kullum na mai ɗaukar hoton biki a ƙasar Hausa: ango cikin farar shadda mai ƙyalli, da hula, a tsaye a rana bayan ɗaurin aure. Farin yadi yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, baƙar fata kuwa kaɗan take mayarwa, ga kuma inuwar hula ko rawani a kan goshi. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka gauraya, zai zama ruwan toka matsakaici. Da ya ga babbar riga ta cika hoto, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Rigar ta koma toka-toka, fuskar ango ta nutse. Idan kuma aka ƙara haske domin fuskar, aikin zaren da aka kashe kuɗi a kansa a wuyan rigar ya ɓace cikin fari.

Wannan matsala tana da tarihi. Daga shekarun 1950, kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya domin su daidaita launin injinansu da shi, katin da aka fi sani da sunan Shirley. Binciken da Lorna Roth ta Jami'ar Concordia da ke Kanada ta wallafa a 2009 ya nuna cewa koke-koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita daidai a talla, suna cikin abin da ya sa aka inganta yadda fim ke kama launin ƙasa-ƙasa. A zamanin waya, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Infinix da itel, ya gina wani ɓangare na kasuwarsa a Afirka a kan saita kyamara domin baƙar fata, kuma Google ya fito da nasa tsarin mai suna Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021.

Shin HDR ce maganin hoton ango? A mafi yawan lokuta, a'a. Mutum yana ƙifta ido, yana numfashi, iska tana kaɗa riga, don haka jerin hotuna uku zai haifi fatalwa. Ko da an yi sa'ar haɗawa, ɗaga inuwa da ƙarfi yakan mayar da baƙar fata ta yi fari-fari kamar an shafa toka, ta rasa sheƙinta, wanda kuwa cin fuska ne ga mai hoton ko da bai faɗa ba. Abin da ya fi shi ne a rage tazarar tun kafin a danna: a matsar da mutum inuwar bango ko bishiya inda haske ke shigowa daga gefe, ko a sa wani ya riƙe farin kwali yana mayar da haske kan fuskar, ko a kunna filasha da ƙaramin ƙarfi ko da rana ce. Sannan a ɗauka a RAW, a saita haske ta yadda zaren rigar bai ƙone ba, a ɗaga fuskar kaɗan a kwamfuta. Masu ɗaukar hotunan kafin aure a Millennium Park, lambun da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, ba banza suke jiran la'asar sakaliya ba.

Waya tana da tata hanyar. Tsarin HDR+ da Google ya fara sakawa a wayoyin Nexus yana ɗaukar hotuna da yawa a cikin ƙiftawar ido, dukkansu da gajeren lokaci da ƙaramin haske don kada komai ya ƙone, sannan ya jera su a kan juna domin yashin da ke cikin inuwa ya ragu. Da yake tazarar lokacin ƙanƙanuwa ce, fatalwa ba ta cika fitowa ba. Yawancin wayoyin yau suna yin makamancin haka ba tare da sun tambayi mai su ba. Abin da ya rage ga mai waya shi ne ya goge madubin da gefen riga mai laushi, ya taɓa allo a kan fuskar da yake so ta fito, ya riƙe hannunsa tsaye na daƙiƙa ɗaya bayan dannawa. Ya kuma san cewa maɓallan da wasu manhajojin gyaran hoto ke kira HDR, waɗanda ake shafa wa hoto ɗaya bayan an ɗauka, ba sa dawo da abin da ya riga ya ƙone, kwalliya ce kawai. Haruffan HDR da ake gani a kwalin talabijin kuma wani abu ne dabam: suna nufin allon da ke iya nuna haske mai ƙarfi da duhu mai zurfi, ba hanyar ɗauka ba.

Iyakar ɗan jarida

Ga mai hoton biki ko na gidaje, tambayar ita ce ko hoton ya yi kyau. Ga ɗan jarida akwai wata tambayar a gaba da wannan. Hoton labari shaida ce cewa abu kaza ya faru a lokaci kaza, hoton HDR kuwa lokuta uku ne ko biyar aka narkar wuri ɗaya.

A ranar 13 ga Janairu, 2012, jaridar Washington Post ta Amurka ta buga hoton wata gada da ke kan Kogin Potomac a shafinta na farko, domin cika shekara 30 da faɗuwar wani jirgin sama a wurin. Mai ɗaukar hotonta, Bill O'Leary, ya yi amfani da HDR, kuma jaridar ta bayyana haka a rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Duk da wannan bayani, muhawara ta tashi, inda shugaban ƙungiyar masu ɗaukar hoton jarida ta Amurka a lokacin, Sean Elliot, ya nuna cewa dabarar ba ta dace da hoton labari ba. Gasar World Press Photo, wadda ake gudanarwa daga Amsterdam, ba ta karɓar hoton da aka haɗa daga ɗauka fiye da ɗaya, kuma a gasar 2015 ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. A watan Nuwamba na wannan shekarar, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya umarci masu aiko masa da hoto daga waje su riƙa turo JPEG da kyamara ta fitar, ba wanda aka sarrafa daga RAW ba, saboda sauri da kuma kare gaskiyar hoto.

Sai dai wayar zamani ta dagula wannan iyaka. Wakilin da ya ɗauki hoton taron manema labarai ko na zanga-zanga da waya, mai yiwuwa na'urar ta riga ta haɗa hotuna da dama kafin ya gani. Abin da ya kamata shi ne ya duba saitunan wayarsa, ya kashe HDR idan tana ba da dama yayin aikin labari, ya adana fayil na asali, idan kuma hoton gini ne ko na shimfiɗar gari da aka haɗa da gangan domin rakiyar wani sharhi, a rubuta hakan a ƙarƙashinsa. Mai karatu yana da haƙƙin sanin ko abin da yake kallo ƙiftawa ɗaya ce ko ɗinki.

Game da wurin gwaji, Abuja ba ta rasa ba, amma da sharaɗi. Dutsen Aso yana gabas da tsakiyar birni, don haka da safe rana tana fitowa ta bayansa, yanayin da ya dace da jerin hotuna. Sai dai a gindinsa ne Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli suke, kuma kafa kyamara mai ƙafa uku a irin wannan yanki ba tare da izini ba yana jawo tambayoyin jami'an tsaro. Ya fi sauƙi a hango dutsen daga nesa, ko a fara da Tafkin Jabi a lokacin faɗuwar rana, ko ma da falon gida da tagarsa.

Lokacin shekara ma yana da tasa magana. Damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, ita ce ke kawo hadari mai hawa-hawa a bisa duwatsun birnin, da rana mai ɓullowa ta tsakanin gajimare, kuma a nan ne tazarar haske ta fi faɗi, sai dai iskar da ke gaban ruwa tana girgiza bishiyoyi, dole a yi sauri. Hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan tace rana ya cike inuwa, har tazarar ta ragu ta shiga cikin abin da hoto ɗaya ke iya ɗauka. A irin wannan rana jera hotuna uku ɓata lokaci ne. Abin tsoro a lokacin shi ne ƙura: duk wanda ya cire madubin kyamara a fili, ƙura za ta sauka a kan na'urar karɓar haske, kuma matse haske da manhaja ke yi yana fito da kowane ɗigonta baƙi a sararin sama, musamman idan an tsuke ƙofar haske zuwa f/16. A canja madubi a cikin mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa.